Kwanon Ɗawisu na Gidan Choji

Ranar Asabar da hantsi Olive Choji ta kira Malam Sabo, ta ce an yi mata sata a cikin gida. Ɓarawon ma har da raina mata hankali, domin ya ɗauke kwanonta ya ajiye mata wani a gurbinsa.

Malam Sabo ma'aikacin wani kamfanin inshora ne a garin Manassas, nan Amurka. Idan gida ya ƙone ko ruwa ya ci kaya, shi ke zuwa ya duba abin da ya rage, ya faɗi mene ne, na wane zamani ne, kuma mece ce darajarsa. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne a ƙasar Bauchi, shi ya sa mutanenmu na nan suke kiransa Sabo Mai-sawu, ko da yake shi ko sawun akuya bai taɓa bi ba. Da wani abu ya ɓata shi ake nema, kuma bai iya cewa a'a ba. Matarsa ta ce wannan ita ce cutarsa.

Kafin ya isa gidan Olive a Fort Washington labari ya riga shi. A zauren hira na waya na matan Arewa an yi ta jajantawa, ana Allah ya tona asiri, ana wasu sai ka riƙe su kamar 'ya'yanka su cuce ka. Ba wadda ta ambaci suna, amma ba wadda ba ta san da wa ake ba. Umaima ake nufi, ɗalibar da ke karatun digiri na biyu a College Park, wadda Olive ta ba ta ɗaki a gidanta saboda ita da mahaifiyar yarinyar tare suka yi makarantar koyon jinya a Jos.

Olive ta tarbe shi da idanu a kumbure. Ta kai shi gaban kabad ɗin gilashi da ke falo, ta nuna masa wurin.

"Malam Sabo, kwano ne na gilashi, ruwan goro, yana walƙiya kamar bakan gizo. Ɗawisu biyu ne a ciki suna zaune a kan shinge. Baban Jang ne ya saya mini a gwanjon kayan wata tsohuwa, shekarar da muka zo ƙasar nan. Lokacin ko kujera ba mu da ita, amma ya shigo da shi yana murna kamar ya sayo mota. Tun da ya rasu, in na dawo aiki shi nake fara kallo."

"Yaushe kika gan shi na ƙarshe, Maman Jang?"

"Ranar Lahadi. Mata sun yi taro a nan, Lizzy ta ce na fito da shi su gani, wai abu ne mai tsada. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Da suka watse na gaji, na bar shi a teburin kicin cikin kwanukan abinci, washegari na yi sammakon aiki. Sai Laraba na lura. Ga wani a kabad, fari, ya dishe, kamar na shagon kayan arha."

Ɗanta Jang, wanda a nan aka haife shi, ya sauko daga bene da kwanon a cikin leda, an naɗe shi an liƙe da salatif ta ko'ina. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci ya yi magana. Ya ce ba wanda zai taɓa, saboda zanen yatsun ɓarawo na jiki, kuma in abin bai dawo ba zuwa Litinin zai kira 'yan sanda. Malam Sabo ya leƙa ta cikin ledar bai ga komai ba sai inuwar tsuntsaye. Ya lura yaron ya sha kallon finafinan 'yan sanda har ya ƙoshi, amma bai yi masa dariya ba. Ya san ba kwano ne ke cin yaron ba, kukan uwarsa ne.

Abin da ya tayar wa Malam Sabo hankali shi ne Litinin ɗin nan. Umaima da bizar karatu take zaune. Ranar da sunanta ya shiga bakin 'yan sanda da zargin sata, ko da daga baya an wanke ta, karatun da zaman duk suna iya tafiya.

"Wa kuma ke gidan?" ya tambaya.

"Sai Ngo Chundung, uwar mijina. Tana sama tana barci." Olive ta rage murya. "Don Allah kada ta ji. Hawan jini gare ta, kuma tun rasuwar ɗanta ba ma gaya mata abin tashin hankali. Mun ce mata Umaima na shirin jarrabawa ne shi ya sa take kwana wurin ƙawarta."

Wannan bai ba shi mamaki ba. Mu dama haka muke, tsoho shi ne na ƙarshen jin labari a gidansa.

*

Ya fara da Madam Lizzy, domin ita ce ta sa aka fito da kwanon, kuma sana'arta ke nan. Garejinta cike yake da tsofaffin fitilu da tangaran da take tsintowa a gwanjo ta sayar ta intanet. Tana ganinsa ta riƙe ƙugu.

"Na san me ya kawo ka. An ce ni ce, ko? To, na so shi, ban ɓoye ba. Na ce ta sayar mini, ta ƙi. Son abu laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, Madam. Me kika gani a jikinsa har kika so shi?"

Nan fa bakinta ya buɗe, fushin ya tafi. Ta ce irinsa ne Amurkawa ke kira gilashin kanibal, saboda da kasuwarsa ta faɗi a da, a wuraren wasa da baje koli aka riƙa raba shi a matsayin kyauta. Talakawa aka yi wa shi, amma yanzu masu tara kayan tarihi ke ribibinsa. Malam Sabo ya san duk wannan, amma ya bar ta, domin mutum ya fi faɗin gaskiya in yana koyar da kai.

"Na juya gindinsa na ga harafin N da layi a ƙasa cikin da'ira," in ji ta. "Ka ga nauyinsa, ka ga yadda gashin ɗawisun ya fito ɗaya-ɗaya. Wannan ya haura shekara ɗari. Waɗanda aka sake yi daga baya launinsu kururuwa yake yi, zanen kuma ya daƙushe. Ga bakinsa ko ƙwarzane babu. Launi da zane da lafiyar jiki, su ne kuɗin abin nan, kuma nata duk ya haɗa."

"To ki gaya mini, da ke ce za ki musanya shi, da wane iri za ki kawo?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Amma ai mai hankali mai launi zai kawo, wanda in an hango daga nesa ba za a gane ba. Wa zai kawo fari?"

Tambayar da ke damun Malam Sabo ke nan tun daga gidan Olive. Ya roƙe ta hotunan da ta ɗauka na kwanon ranar taro, ta tura masa. Yana shirin fita ta ƙara da cewa, ba wai tana zargin kowa ba, amma an ga Umaima ranar Litinin da yamma tana saka wani abu a mota, a ƙunshe cikin zane.

Wannan sawun bai yi nisa ba. Tun a cikin mota ya buga waya nan da can har ya dace da Hajiya Mairo Maitama. Ta ce kularta ce, ta kai dambu taro ta bar ta a can, Umaima ta dawo mata da ita cike da cincin, don ba a mayar da kwano haka nan. Hajiya ta ce ta so ta faɗi haka a zaure, sai ta ga maganar ta yi zafi, ta ja bakinta. Malam Sabo ya yi mata godiya, amma a ransa ya ji haushinta ƙwarai.

*

Ya sami Umaima a wani ɗan shagon shayi kusa da jami'a. Ta rame, ta gaishe shi har da rusunawa, ta zauna tana juya kofin da ba ta sha ba.

"Kawu, wallahi ban ɗauka ba."

"Na ji. Wa ya saka farin kwanon a kabad?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

Bai so jin haka ba. "A ina kika same shi?"

"A kicin."

"Wa ya ajiye shi a can?"

Ta ƙi faɗa. Ya juya tambayar ta nan, ya juya ta can, ya tuna mata Litinin, ya tuna mata mahaifiyarta da ke Jos tana jiran ta dawo da digiri. Hawaye suka cika mata ido amma ba ta bari sun zubo ba. Ta ce in abin ya kai ga haka za ta haɗa kayanta ta koma gida da kanta, ba sai an kore ta ba.

Ya miƙe a gajiye. Har ya kai ƙofa ta biyo shi.

"Kawu, da ka je gidan, ka ga Ngo? Da safe sai an tsaya a kanta take shan maganinta. In ba a tsaya ba, ɓoyewa take yi a ƙarƙashin filo."

Duk hanyar Manassas wannan maganar ce ke masa yawo a kai. Ya sha zama da masu laifi a wurin aiki, masu ƙona shagonsu da kansu da masu ƙirƙiro sarƙar gwal da ba a taɓa yi ba. Dukansu kansu suke tambaya a kai. Wannan kuwa wuta na cin gefen zanenta, tana tambayar maganin tsohuwa.

*

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya koma gidan Choji. Ya ce wa Olive ko dai a buɗe ledar nan, ko ya cire hannunsa daga maganar. Jang ya yi ta gunaguni, uwarsa ta daka masa tsawa, ya kawo almakashi.

Malam Sabo ya kai kwanon bakin taga. Da ya ɗauka ma ya ji nauyin tsohon gilashi. Ya juya gindin, ga harafin nan cikin da'irarsa. Ya fito da ɗan madubinsa mai ƙara girman abu, ya bi jikin kwanon a hankali. Ko'ina ƙananan karce ne, sirara kamar gashi, suna zagayawa suna komowa. A can cikin lungunan gashin ɗawisu, inda yatsa ba ya shiga, ga ragowar ruwan goro na ƙyalli.

Sai ya buɗe hoton Lizzy ya ƙara masa girma. A ƙarƙashin ƙafar ɗawisun hagu akwai 'yar kumfar iska da ta maƙale a cikin gilashin tun ranar da aka zuba shi, doguwa kamar ƙwayar shinkafa. Ya duba kwanon da ke hannunsa. Tana nan, a wurin, a kwance yadda take. Ana iya kwaikwayon zane, ana iya kwaikwayon tambari, amma ba wanda ya isa ya sa kumfa ta tsaya inda yake so.

Ya ajiye kwanon, ya ce zai shiga ya gaida Ngo.

Ya same ta a kicin, 'yar ƙaramar tsohuwa da ɗankwalin coci har yanzu a kanta, ta sa wata tukunya a gaba tana dirza da soson ƙarfe. Ga gwangwanin hodar goge tukwane a gefe. Injin wanke-wanke na nan kusa da ita, ta mayar da shi ma'ajiyar doya.

"Ngo, sannu da aiki. Ba a hutawa ko ranar Lahadi?"

"Ɗana, in na huta wa zai yi? Matan yanzu ba su iya wanke-wanke ba. Su watsa ruwa, su ce sun gama. Wancan satin na samu wani kwano a nan, maiƙo ya bi jikinsa har ya yi kala-kala, kamar baƙin mai a kan ruwa. Allah kaɗai ya san shekara nawa ba a wanke shi ba. Tun safe nake fama har rana ta yi tsaka, kalli hannuna." Ta nuna masa yatsunta, duk sun tsage. "Amma na fitar da shi. Yarinyata Umaima ta dawo na nuna mata, ta rasa abin cewa don mamaki."

Ta yi dariya, dariyar wanda ya yi aiki ya ga kyansa. Malam Sabo ya taya ta, amma tausayi ya kama shi.

*

Ya sa Olive ta kira Lizzy da Hajiya Mairo, shi kuma ya je da kansa ya ɗauko Umaima. Da la'asar suka haɗu a falo. An lallaba Ngo ta hau sama ta huta. Niyyarsa ya wanke yarinyar a gaban waɗanda za su kai labari, sa'an nan a san yadda za a rufa wa tsohuwa asiri.

Ya ɗora kwanon a tebur ya ce, "Ba a saci komai a gidan nan ba. Maman Jang, wannan shi ne kwanonki."

Ya nuna musu kumfar a hoto, ya nuna musu ita a gilashi. Ya yi musu bayani cewa irin wannan mai ruwan goro asalin gilashinsa fari ne. Launin wani ruwan sinadari ne da ake fesawa tun gilashin na da zafi, ya kwanta a sama, bai kai kaurin fatar albasa ba. Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi kawai yake so. In aka sa masa soson ƙarfe da hoda, aka dage, tafiya yake yi, kuma ba mai iya dawo da shi. Lizzy ta karɓi madubin ta duba, ta dafe kai ta ce wayyo, yanzu kam ko kyauta masu tarawa ba za su karɓa ba.

Jang ya miƙe ya nuna Umaima, ya ce to ita ta goge ke nan, shi ya sa ta ɓoye.

"Ba ita ba ce," in ji Malam Sabo.

"To wa?"

Olive ta kalli ƙofar kicin, ta kalli bene, ta sa hannu ta rufe baki. Umaima na girgiza wa Malam Sabo kai tana roƙonsa da ido.

"Wane kwano ake magana?"

Ngo ce tsaye a tsakiyar matakala, tana riƙe da ƙarfen bene. Ta ji baƙi ta ƙi kwanciya. Ta sauko a hankali, ta zo ta tsaya a kan tebur.

"Wannan ai ni na wanke shi. Me ya faru?"

Olive ta yi ƙoƙarin cewa ba komai, Mama, amma kuka ya ƙwace mata. Ngo ta juya ga Malam Sabo ta ce shi baƙo ne, shi ba zai yi mata ƙarya ba. Ya duba ya ga ba mafita. Ya gaya mata duka, a hankali: cewa ba maiƙo ba ne, ado ne, cewa Choji ne ya saya wa matarsa, cewa an ɗauka sace shi aka yi.

Tsohuwa ta zauna. Ta ɗauki kwanon ta ɗora a cinya, tana shafa ɗawisun da yatsunta masu tsaguwa. "Choji," ta ce. "Abin hannun Choji na kankare." Olive ta durƙusa ta rungume ƙafafunta tana cewa ba komai, Mama, gilashi ne kawai, ko da yake kowa a ɗakin ya san ba gilashi ne kawai ba.

Can Ngo ta ɗago. "Kun ce an ɗauka sata ce. Wa aka ce ya sata?"

Hajiya Mairo ta sunkuyar da kai, Lizzy ta shiga gyaran jakarta. Ngo ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har ta sauka a kan Umaima.

"Jarrabawar ke nan?" ta tambayi Olive. Muryarta ta canja. "Yarinyar mutane, uwarta ta ba ki amana, aka kira ta ɓarauniya a gari, ina sama ina barci? Don kada jinina ya hau? Ke kuma," ta juya ga Umaima, "kin gani da idonki, kika yi shiru?"

"Ngo, kin yi murna sosai ranar," in ji Umaima. "Ban iya ba."

Jang ya matso, ya haɗa 'yar Hausar da yake da ita ya ce, "Umaima, yi haƙuri." Olive ta ce yanzun nan za ta rubuta a zaure cewa kwano ya fito, kuskure ne aka yi, ba sai an ambaci kowa ba.

"Kuskuren wa?" in ji Ngo. "In ba a faɗi suna ba, za su ce kun rufa mata asiri ne. Har ta yi aure ana nuna ta."

Malam Sabo ya buɗe baki zai kawo dabara, ya rufe, domin ya san gaskiya ta faɗa. Ngo ta miƙe, ta kwance zanenta ta sake ɗaurawa tamau, ta naɗe kwanon a gefen mayafi ta rungume.

"Malam, motarka na waje? Gida-gida za ka kai ni, duk inda maganar nan ta shiga. Su ga kwanon, su ga hannuna, su ji daga bakina." Ta kama wuyan hannun Umaima. "Tashi, yarinyata. Ke za ki zauna kusa da ni."

Sai a lokacin Umaima ta fashe da kuka. Ngo ba ta tsaya rarrashi ba, ta ja ta zuwa ƙofa, ta waiwayo ta kalli matan da ke zaune.

"A gidan wa aka fara faɗa? Daga can za mu fara."